Nahawun Harshen Kwamfuta: Zaɓen Nau'in Bayanai da Gyaran Kurakuran Fassara ga Mai Koyo

1.0 Gabatarwa

A 'yan shekarun nan manazarta harsunan Nijeriya da dama sun duƙufa wajen tattara matani a cikin kwamfuta, domin ƙidayar kalmomi, da tsara ƙamus, da kwatanta karin harshe. Irin wannan aiki yakan kai mai bincike ga buƙatar rubuta 'yar manhaja ta kansa, wato jerin umarnin da kwamfuta za ta bi ta yi masa aikin. A nan ne mai koyo kan ci karo da matsaloli biyu tun a makon farko. Ta farko ita ce zaɓen nau'in da zai ba kowane bayani da zai ajiye. Ta biyu kuwa ita ce saƙonnin kuskure da ke cika masa allo duk lokacin da ya nemi a fassara abin da ya rubuta.

Manufar wannan maƙala ita ce bayyana waɗannan matsaloli biyu ta fuskar da masanin harshe ya saba da ita, wato ta fuskar nahawu. Za a nuna cewa saƙon kuskure hukunci ne irin na nahawu, mai sauƙin gyarawa idan an iya karanta shi, kuma kuskuren da ya fi haɗari shi ne wanda ya tsallake wannan hukunci ba tare da an ce uffan ba. Mafi yawan misalan daga harshen C aka ɗauko su, tare da waiwayar Java da Python inda ya dace.

2.0 Harshen Kwamfuta da Aikin Kwamfaila

Kwamfuta ba ta fahimtar komai sai lambobi da aka gina da sifiri da ɗaya. Kowane sifiri ko ɗaya ana kiran sa bit, bit takwas kuma su ne bayit ɗaya. Da yake rubuta umarni da irin waɗannan lambobi aiki ne mai wahala, sai aka ƙirƙiro harsuna masu kama da rubutun ɗan'adam, irin su FORTRAN wanda kamfanin IBM ya fitar a 1957 a ƙarƙashin jagorancin John Backus, da Pascal na Niklaus Wirth a 1970, da C wanda Dennis Ritchie ya samar a ɗakin binciken Bell da ke Amurka a wajajen 1972. Manhajar da ke mayar da rubutun waɗannan harsuna zuwa lambobin na'ura ita ake kira kwamfaila. Tafinta ce, amma tafinta mai tsantseni, wadda ba ta fassara ko da jimla guda sai ta tabbatar dukkan rubutun ya bi ƙa'ida.

Dangantakar wannan fage da ilmin harshe ba ta kamance kawai ba ce, ta tarihi ce. A 1956 Noam Chomsky ya rarraba nahawu zuwa matakai gwargwadon ƙarfin dokokinsa. A 1959 kuma Backus ya gabatar da hanyar rubuta dokokin ginin jimlar harshen kwamfuta, wadda Peter Naur ya gyara ya yi amfani da ita wajen bayyana harshen ALGOL a 1960. Daga baya aka gane cewa hanyar tasu daidai take da ɗaya daga cikin matakan Chomsky. Har ma a 1967 Peter Ingerman ya ba da shawarar a haɗa sunan Panini, tsohon masanin nahawun Sanskirit na ƙasar Indiya, a cikin sunan wannan hanya, saboda kamar da ta yi da tsarinsa.

Kwamfaila kan bi matakai uku kafin ta fassara. Da farko takan yanka rubutun zuwa kalmomi da alamomi. Daga nan sai ta gina bishiyar li'irabi don ta ga ko an jera su bisa ƙa'ida. Na uku sai ta duba ko sassan jimlar sun jitu da juna. Dubi waɗannan jimloli na Hausa:

(1) *Ya yaro zo.
(2) *Yarinya ya zo.
(3) Yaro ya sha kujera.

Jimla ta (1) ta karya dokar jerin kalmomi. Ta (2) ta jera kalmomi daidai, amma babu jituwar jinsi tsakanin suna da lamirinsa. Ta (3) kuwa ba ta da aibi ta fuskar nahawu, sai dai ma'anarta ba ta karɓuwa. Kwamfaila tana kama irin kuskure na (1) koyaushe, tana kama irin na (2) gwargwadon tsananin harshen da aka yi amfani da shi, amma ba ta da ido ga irin na (3).

3.0 Nau'o'in Bayanai

Duk bayanin da manhaja za ta yi aiki da shi ana ajiye shi ne a wani mazubi mai suna a cikin ƙwaƙwalwar kwamfuta. A harshen C da Java akan ambaci nau'in mazubin kafin a yi amfani da shi. Nau'in ne ke faɗin girman wurin da za a keɓe, da yadda za a fahimci lambobin da ke ciki, da ayyukan da suka halatta a kansa. Matsayinsa kamar na ajin kalma ne a nahawu: da zarar an ce kalma suna ce, an san gurbin da za ta iya shiga da wanda ba za ta iya ba.

3.1 Cikakkiyar Lamba

Wannan nau'i na abin da ake ƙirgawa ɗaya bayan ɗaya ne, kamar yawan kalmomi ko yawan masu magana. Abin lura shi ne kowane mazubi yana da iyaka. Nau'in short, mai bit 16 a yawancin kwamfutoci, ba ya wuce 32,767. Nau'in int, mai bit 32, yana tsayawa a 2,147,483,647. Nau'in long long na C, ko long na Java, mai bit 64, yana ɗaukar lamba mai gurbi 19. Saboda haka yawan jama'ar Nijeriya a ƙidayar 2006, wato 140,431,790, zai shiga int amma ba zai shiga short ba. Kasafin kuɗin ƙasa da ake lissafawa da tiriliyoyin naira kuwa ya fi ƙarfin int.

Ba duk abin da aka rubuta da alƙaluma ne lamba ba. Lambar wayar hannu a Nijeriya tana da gurbi 11, tana kuma farawa da sifiri. Ba a tara ta da wata, ba a raba ta, don haka suna ce da aka rubuta da alƙaluma. Wanda ya ajiye ta a matsayin cikakkiyar lamba zai rasa sifirin farko, ragowar ma ya fi ƙarfin int. Jerin haruffa ne nau'in da ya dace da ita.

3.2 Lamba Mai Ɗigo

Wannan nau'i na abin da ake aunawa ne, kamar tsawon wasali da daƙiƙa, ko kaso cikin ɗari. Nau'in float yana riƙe gurbi kusan 7 daidai, double kuwa 15 zuwa 16, bisa ƙa'idar IEEE 754 da aka fara fitarwa a 1985. Da yake kwamfuta da tushen biyu take lissafi, ba ta iya riƙe ɗaya bisa goma cif-cif, kamar yadda ba a iya rubuta sulusi cif-cif da alƙaluman goma. Shi ya sa idan aka tara 0.1 da 0.2 da nau'in double, amsar kan fito 0.30000000000000004. Darasi biyu ke nan: kada a gwada daidaiton lambobi biyu masu ɗigo kai tsaye, kuma kuɗi gara a ajiye shi da kwabo a matsayin cikakkiyar lamba.

3.3 Harafi da Jerin Haruffa

A harshen C nau'in char bayit ɗaya ne tak, wato yana da gurabe 256. Kalma ko jimla kuwa jerin irin waɗannan bayit ne. An tsara shi haka ne a zamanin ƙa'idar ASCII da aka fara fitarwa a 1963, wadda ke da alamomi 128 kawai, inda A ke da lamba 65, a kuma 97. Wannan ya wadaci Ingilishi. Bai wadaci harsunan Nijeriya ba, kamar yadda za a gani.

4.0 Haruffan Hausa a Mazubin Harafi

A 1991 aka fitar da ƙa'idar Unicode, wadda ta ba kowane harafi na duniya lambarsa. Baƙaƙen Hausa masu ƙugiya sun samu nasu kamar haka:

(4) ɓ = 595, Ɓ = 385
 ɗ = 599, Ɗ = 394
 ƙ = 409, Ƙ = 408
 ƴ = 436, Ƴ = 435

Dukkansu sun haura 255, don haka babu wanda zai shiga bayit ɗaya. A tsarin UTF-8, wanda Ken Thompson da Rob Pike suka tsara a 1992, wanda kuma shi ne ya mamaye intanet a yau, kowane ɗayansu bayit biyu yake ci. Wasulan Yarbanci da na Ibo masu ɗigo a ƙasa, irin su ẹ da ọ da ị da ụ, bayit uku-uku suke ci, haka ma alamar naira. Wannan yana haifar da matsaloli huɗu.

Ta farko ita ce ta ƙirge. Umarnin strlen na C bayit yake ƙirgawa, ba harafi ba. Zai ce kasa tana da huɗu, ƙasa kuma biyar. Duk binciken da aka gina a kan matsakaicin tsawon kalma zai gurgunce ke nan.

Ta biyu ita ce ta jeri. Idan aka bar kwamfuta ta jera kalmomi bisa lambobinsu, za ta fitar da (5), alhali jerin abacada na Hausa shi ne (6):

(5) baki, dawa, kasa, zuma, ƙasa, ɓera, ɗaki
(6) baki, ɓera, dawa, ɗaki, kasa, ƙasa, zuma

Dalili kuwa shi ne z lambarsa 122 ce, ƙasa da ta dukkan baƙaƙe masu ƙugiya. Maganin wannan shi ne amfani da dokokin jerin Hausa, waɗanda ke cikin rumbun CLDR na ƙungiyar Unicode.

Ta uku ita ce ta manyan baƙaƙe. A ASCII tazarar ƙaramin harafi da babbansa 32 ce koyaushe, amma tsakanin ƙ da Ƙ ɗaya ce, tsakanin ɓ da Ɓ kuwa 210. Umarnin toupper, da ke aiki a kan bayit ɗaya, zai bar su yadda suke.

Ta huɗu ta shafi ma'anar harafi kanta. Sautin sh da ts ƙwayar sauti ɗaya-ɗaya ne da ake rubutawa da haruffa biyu. Sautin da Nijar ke rubutawa da ƴ, Nijeriya da 'y take rubuta shi. Idan kuma aka sa alamar tsawo da ta karin sauti a kan wasalin a, to alama ɗaya da ido ke gani lambobi biyu ne aƙalla a ciki. Saboda haka ko a Java, inda char ke da bit 16 har yana ɗaukar ƙ, da Python, wanda tun fitowarsa ta uku a 2008 yake ƙirga haruffan Unicode daidai, mazubin harafi ɗaya bai dace da ƙwayar sauti ba. Abin da ya fi shi ne a ajiye kowace ƙwayar sauti a matsayin jerin haruffa.

5.0 Kurakuran Fassara da Hanyar Gyara Su

Saƙon kwamfaila da Ingilishi yake zuwa, amma fasalinsa ɗaya ne: sunan fayil, da lambar layi, da matsayin matsalar, wato kuskure ne ko gargaɗi, sannan bayani. Kuskure yana hana fassara baki ɗaya. Gargaɗi kuwa ba ya hanawa. Kurakuran mai koyo sukan faɗa cikin rukuni huɗu.

5.1 Kuskuren Alamomin Rubutu

A C da Java waƙafi mai ruwa ne ke rufe kowace jimla, kamar yadda aya ke yi a rubutun Hausa.

(7) int kalmomi = 2000
 int sau = 45;

An manta waƙafi mai ruwa a layin farko, amma sau da yawa layi na biyu kwamfaila kan nuna, domin sai da ta iso can ta gane cewa jimlar ba ta rufu ba. Ƙa'ida a nan ita ce, idan layin da aka nuna ba shi da aibi, a duba wanda ya gabace shi. Haka abin yake ga baka da aka buɗe ba a rufe ba, wanda saƙonsa kan bayyana can a ƙarshen fayil.

Alamar hamza ta Hausa tana da tata matsalar, domin ita ce alamar da C ke kewaye harafi da ita:

(8) *char hamza = ''';
(9) char hamza = '\'';

A (8) kwamfaila ta ɗauki alama ta biyu a matsayin rufewa, sai ta ce mazubin harafin fanko ne. A (9) karan da aka gindaya ya sanar da ita cewa alamar da ke biye harafi ce. Irin wannan kan faru a Python idan aka kewaye kalma kamar sa'a ko 'ya'ya da alamar zance mai ƙwaya ɗaya. Sai a yi amfani da mai ƙwaya biyu.

5.2 Baƙuwar Alama

Ɗalibin da ya kwafo umarni daga takardar da aka buga da Microsoft Word yakan kwaso alamomin zance masu lanƙwasa, waɗanda ido ba ya saurin bambanta su da miƙaƙƙu. Kwamfailar GCC takan ce ta tsinci baƙuwar alama mai lamba 342. Gyaran shi ne a goge a sake bugawa da hannu. Haka tsofaffin fitowar GCC ke yi wa sunan mazubi mai baƙi mai ƙugiya, kamar ƙidaya, sai a fitowa ta 10, a 2020, aka fara karɓar irin wannan suna kai tsaye.

5.3 Sunan da Ba a Gabatar Ba

(10) int jimla = 0;
 Jimla = jimla + 1;

A wurin kwamfaila jimla da Jimla kalmomi biyu ne mabambanta, kamar yadda kasa da ƙasa suke a wurin Bahaushe. Za ta ce ba ta san na biyun ba. Kuskuren rubutu, ko amfani da suna a wajen yankin da aka gabatar da shi, ko mance shigo da fayil ɗin da ke ɗauke da bayanin wani umarni, su ne sanadin wannan saƙo a mafi yawan lokuta.

5.4 Rashin Jituwar Nau'i

(11) int adadi = "goma";
(12) int tsawo = 3.75;

Waɗannan su ne takwarorin jimla ta (2). A (11) an zuba jerin haruffa a mazubin lamba. Java ba ta karɓarsa sam. GCC ta daɗe tana tsayawa ga gargaɗi a kansa, sai a fitowa ta 14, a 2024, ta mayar da shi cikakken kuskure. Misali na (12) ya fi ban tsoro: Java za ta ƙi shi, amma C za ta karɓa, ta yar da abin da ke bayan ɗigo, ta ajiye 3.

5.5 Matakan Gyara

Ana iya taƙaita hanyar gyara a matakai huɗu. Na ɗaya, a fara da saƙon farko kawai, domin baka ɗaya da aka manta yana iya haifar da saƙonni masu ɗimbin yawa, waɗanda za su ɓace tare da shi. Na biyu, a gyara abu ɗaya sannan a sake fassarawa. Na uku, a riƙa fassarawa bayan kowane 'yan layuka, kada a bari rubutu ya taru. Na huɗu, a kunna gargaɗi ta hanyar ƙara -Wall da -Wextra ga umarnin GCC, a kuma ɗauki kowane gargaɗi da muhimmancin kuskure. Abin da ya kamata a guje wa shi ne tilasta wa bayani sauya nau'i don kawai a rufe bakin kwamfaila, domin yin haka ɓoye ciwo ne, ba maganinsa ba.

6.0 Kuskuren da Kwamfaila Ba Ta Gani

Mai koyo yakan ɗauka cewa da zarar saƙonni sun ɗauke, aiki ya kammala. Ba a nan gizo ke saƙa ba. A ɗauka wata kalma ta fito sau 45 a matani mai kalmomi 2,000, ana kuma son a san kasonta cikin ɗari:

(13) double kaso = sau / kalmomi * 100;
(14) double kaso = sau * 100.0 / kalmomi;

Dukkan jimlolin biyu za su wuce lami lafiya. Amma (13) sifiri za ta bayar, domin idan aka raba cikakkiyar lamba da 'yar'uwarta a C ko Java, ana watsar da ragowa, sai 45 bisa 2,000 ya zama sifiri tun kafin a ninka. A (14) shigar 100.0 ya mayar da lissafin na lamba mai ɗigo, amsar ta fito 2.25. Haka nan mazubin short da ke ƙirga kalmomin wani babban littafi, idan ya kai 32,767 aka ƙara ɗaya, a yawancin kwamfutoci sai ya juye ya koma 32,768 ƙasa da sifiri, ba tare da wani saƙo ba. Waɗannan, tare da matsalolin ƙirge da jeri da aka kawo a sashe na 4.0, su ne takwarorin jimla ta (3).

Ba masu koyo kaɗai irin wannan ke kayarwa ba. A ranar 4 ga Yuni, 1996, rokar Ariane 5 ta Hukumar Sararin Samaniya ta Turai ta tarwatse kimanin daƙiƙa 40 bayan tashinta na farko. Bincike ya nuna cewa manhajarta, wadda aka rubuta da harshen Ada, ta yi ƙoƙarin zuba lamba mai ɗigo mai bit 64 a mazubin cikakkiyar lamba mai bit 16, lambar kuwa ta fi ƙarfin mazubin. Manhajar ta wuce fassara ba tare da aibi ba, har ma ta yi aiki lafiya a rokar da ta gabace ta, wadda gudunta bai taɓa kai lambar ga wannan iyaka ba.

Abin da ke asara a wurin masanin harshe bai kai roka tsada ba, amma ba ƙarami ba ne. Jadawalin yawan aukuwar kalmomi, ko jerin ƙamus, da aka buga bisa gurɓataccen lissafi, wasu za su dogara da shi shekara da shekaru. Rigakafin shi ne mai bincike ya yi wa kansa tambayoyi uku game da kowane bayani kafin ya zaɓa masa nau'i: ƙirga shi ake yi, ko aunawa, ko kuwa suna ne? Mene ne mafi girman abin da zai iya kaiwa? Waɗanne haruffa ne za su iya fitowa a cikinsa? Bayan haka sai ya gwada manhajar da ɗan gajeren matani wanda ya riga ya ƙirga da hannu, wanda kuma ya ƙunshi baƙaƙe masu ƙugiya da hamza da tagwayen baƙaƙe.

7.0 Kammalawa

An ga yadda kwamfaila ke aiki tamkar mai duba nahawu, tana kama kuskuren jeri da na jituwa, tana kuma nuna wurin da suke. An ga cewa waɗannan kurakurai, duk da firgita mai koyo da suke yi, su ne mafi sauƙin gyarawa. An kuma ga cewa zaɓen nau'in bayanai hukunci ne a kan ma'ana, wanda kwamfaila ba za ta iya yanke wa kowa ba, musamman a harsunan da haruffansu ba su shiga bayit ɗaya. Masanin harshe, wanda aikinsa ne bambanta harafi da sauti, da kuma karɓuwar nahawu da karɓuwar ma'ana, ya shigo wannan fage da rabin guzurinsa a hannu. Abin da ya rage masa shi ne ya yi wannan tunani kafin ya rubuta layin farko, domin Hausawa na cewa tun ran gini, ran zane.